Ƙara Wurin Ajiya a Ƙaramin Ɗakin Yaro Mai Tasowa: Darasi Daga Gidajen Abuja

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana suna cewa ajiya maganin wata rana. Sai dai ajiya ba ta yiwuwa sai da ma'aji, shi kuwa ma'aji sai da wuri. A nan ne gizo yake saƙar ga magidanta da yawa a Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita, inda muhalli ya yi tsada, ɗakuna suka ƙuntata, ga yara suna girma, kayansu kuma suna ƙaruwa. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da za a bi a ƙara wurin ajiya a ƙaramin ɗakin yaro ko yarinya masu shekara 9 zuwa 12, ba tare da an fasa bango ko an sake gida ba.

Wani zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da aikin kafinta? Amsar ita ce, al'ada ba a bukukuwa da waƙe-waƙe kaɗai take ba. Yadda mutum yake tsara ɗakinsa, da inda yake ajiye kayansa, da sunayen da yake kiran ma'ajinsa da su, duk suna cikin al'adarsa. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, ɗaki ba daɓe kaɗai ba ne. Yana da bango, yana da sama, yana da ƙarƙashin gado da bayan ƙofa. Bahaushen dauri ya san haka, ya kuma yi aiki da shi. Mu ne da muka koma gidajen bulo muka jibge komai a ƙasa, sa'an nan muke kukan ƙunci.

2.0 Dalilin Ƙuncin Ɗakuna a Abuja

A watan Fabrairun 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kimanin miliyan 3 idan birnin ya gama ginuwa. Ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, fadar gwamnati ta taso daga Legas, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman abin kai wa bakin salati suka biyo ta. Ƙidayar 2006 ta sami kimanin mutum miliyan 1.4 a Yankin, ban da ɗimbin waɗanda suke aiki a Abuja amma suna kwana a Mararaba da Masaka ta Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla ta Jihar Neja.

Gidajen masu ƙaramin ƙarfi ba su ƙaru daidai da ƙaruwar jama'a ba. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin sa wa ma'aikaci kuɗin gida a cikin albashinsa maimakon a ba shi gida, daga 2005 kuma aka shiga sayar da gidajen gwamnati a Abuja. Wanda ya samu ya saya, wanda bai samu ba ya koma haya. Haka kuma rushe-rushen unguwannin da aka ce sun saɓa wa taswira tsakanin 2003 da 2007, irin su Idu da Karmo, ya ƙara tura talakawa gefen gari. Shi ya sa matsakaicin ma'aikaci yake zaune a Kubwa ko Lugbe ko Nyanya ko Karu ko Dutsen Alhaji ko Gwagwalada, a ɗaki biyu da falo, ko ɗaki da falo, wani ma a boskwata. Kuɗin haya kuwa na shekara ake biya gaba ɗaya, wani lokaci na shekara biyu. Wannan ne ya sa a 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙuduri gaban Majalisar Dattawa yana neman a taƙaita biyan haya mai tsawo a Yankin.

Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan. Na farko, ƙarin ɗaki ɗaya domin yaro yana nufin ƙarin kuɗin haya na shekara, abin da ba kowa yake iyawa ba. Na biyu, ɗan haya ba shi da ikon fasa bango ko gina sif a jikinsa, in kuwa ya yi, ranar tashi zai bar shi, ko mai gida ya riƙe kuɗin da aka ajiye masa domin gyaran ɓarna. Ke nan ma'ajin da ya dace da Abuja shi ne wanda ba ya cin daɓe, wanda kuma za a iya kwancewa a loda a mota ranar da aka ce a tashi.

3.0 Me Ya Sa Yaro Mai Tasowa Yake Bukatar Ma'ajinsa?

Da yaro mai tasowa ina nufin wanda ya bar ƙuruciya amma bai kai balaga ba. A tsarin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma kafa masa doka a 2004, wannan shi ne lokacin da yaro yake ƙarshen firamare ko farkon ƙaramar sakandare. Litattafansa sun yi yawa, sun yi nauyi. Yana da kayan makarantar boko, da na Islamiyya, da na wasanni, da na Juma'a, da na zaman gida. Namiji yana da ƙwallo da takalmansa, da 'yan tarkacen da yake tsintowa yana ƙera mota ko fanka. Mace tana da hijabai da ɗankwali da kayan kitso da man shafawa, da wasu 'yan abubuwa da ta fara jin kunyar idon kowa ya kai kansu.

Al'ada da addini duk sun san da wannan mataki. Akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito wanda ya umarci iyaye da su raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. A gidan Bahaushe na gargajiya kuwa, namiji in ya yi wayo yakan bar ɗakin mahaifiyarsa ya koma kwana a soro ko shigifa tare da sa'o'insa, mace kuma sau da yawa takan koma ɗakin kakarta ko goggonta. A gidan haya na Kubwa babu soro, babu shigifa, kaka kuma tana can gida. Ɗaki ɗaya ne ya rage wa yara, shi ne kuma sito, shi ne ɗakin baƙi.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Yaron da ba shi da wurin ajiye littafi ba zai daina ɓatar da littafi ba, komai yawan faɗan da za a yi masa. Kullum da safe ana neman safa, ana neman biro, mota tana jira, ga cunkoson hanyar Kubwa ko ta Nyanya wanda duk wanda ya makara da minti goma ya san abin da zai gani. Daga nan sai a ce yaron ƙazami ne ko sakarai, alhali ba a taɓa nuna masa wani wuri aka ce nan naka ne ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a koyon adana kaya a inda babu ma'adana.

4.0 Ma'ajin Bahaushe na Gargajiya

Ɗakin Bahaushe na da, ko na ƙasa ne ko na kara, bai fi na Abuja girma ba. Tsawon azara ne yake ƙayyade faɗin ɗakin soro, sai fa inda aka yi bakan gizo. Duk da haka a ɗaki ɗaya mace take ajiye suturarta da kayan aurenta da na 'ya'yanta, ta kuma sami wurin shimfiɗa wa baƙuwa tabarma. Idan muka dubi kalmomin da harshen ya tanada, waɗanda da yawansu suna cikin ƙamusun Bargery na 1934, za mu ga an kasa su gida huɗu gwargwadon inda suke a ɗaki.

Kashi na farko na sama ne. Ragaya igiya ce da ake saƙawa a rataye daga rufin ɗaki, a ɗora ƙwarya ko kwano a ciki, nesa da ɓera da tururuwa da hannun yara. Akwai kuma igiya ko gora da ake gittawa daga bango zuwa bango a rataye tufafi.

Kashi na biyu na jikin bango ne. Alkuki ɗan kogo ne da magini yake bari a bango domin fitila da ƙananan kaya. Maratayi kuwa itace ne ko ƙaho da ake kafawa tun bango yana ɗanye, a rataye gafaka ko zabira ko burgami ko allo. Jere ma, wanda muke ɗauka ado ne kawai, dabara ce ta ɗora tasoshi da kwanuka bisa juna har sama, a wurin da bai fi taku biyu ba.

Kashi na uku na ƙarƙashin gado ne. Da gadon ƙarfe mai rumfa ya zo, iyayenmu mata sun riƙa ɗaga ƙafafunsa a kan gwangwanaye ko duwatsu, su tura akwati da fantimoti a ƙarƙashi, su saki zanen gado ya rufe.

Kashi na huɗu shi ne mazubai masu murfi waɗanda ake ɗauka a tafi da su: adudu da kwalla da lefe. Amarya tana tarewa da su, in tashi ya kama a ɗora su a kai ko a jaki.

Abin lura a nan shi ne, a cikin waɗannan kaso huɗu, uku ba sa taɓa tsakar ɗaki ko kaɗan, na huɗun kuma ana iya ɗauke shi a kowane lokaci. Waɗannan su ne ainihin sharuɗɗa biyun da na ce ɗan hayar Abuja yana bukata. Kayan ne suka sauya, dabarar tana nan.

5.0 Matakan Ƙara Wurin Ajiya

5.1 Awo

Kafin a kira kafinta, a ɗauki ma'auni a auna tsawo da faɗi da tsayin ɗaki, a zana a takarda, a nuna inda ƙofa da taga da soket da fanka suke. Mu ɗauki misalin ɗaki mai ƙafa 9 a 10, tsayinsa ƙafa 9. Daɓensa murabba'in ƙafa 90 ne. Domin a gane ƙanƙantarsa, ma'aunin da gwamnatin Ingila ta fitar a 2015 ya sa mafi ƙanƙantar ɗakin kwanan mutum ɗaya a sabon gida murabba'in mita 7.5, wato kimanin ƙafa 9 a 9. To amma bangayen ɗakin namu guda huɗu, in aka haɗa su, murabba'in ƙafa 342 ne. Ko an cire ƙofa da taga, kusan 300 za su rage. Wato bango ya ninka daɓe fiye da sau uku, kuma a yawancin gidaje ba abin da ke jikinsa sai kalanda.

5.2 Tacewa

Ba a ƙara ma'aji domin shara. A fito da duk abin da ke ɗakin, a kasa shi uku: na kullum, na lokaci-lokaci, da wanda ya daina amfani. Yaro mai wannan shekaru yana saurin fin ƙarfin kayansa, don haka rigar bara ta zama ta ƙane ko ta sadaka. Kayan da ba na yaro ba kuwa, irin su tsohuwar talabijin da manyan tukwanen biki, a nema musu wani wuri, in babu a keɓe musu can sama. Wajibi ne a yi wannan aiki tare da yaron, domin abin da babba yake gani tarkace, wataƙila shi ne dukiyarsa.

5.3 Gado

Gado ne ya fi komai cin wuri. Katifa mai ƙafa 6 a 4½ tana cin murabba'in ƙafa 27, mai 6 a 3 kuwa 18 kawai, kuma ta ishi ɗan shekara 12. Katifar da aka yasar a ƙasa ta cinye wurinta ba ta ba da komai ba. In aka ɗora ta a gadon da ya tashi ƙafa 1½ daga ƙasa, an sami rami mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 3, wanda zai ɗauki akwatuna uku, kowanne mai faɗin kusan ƙafa 2. Mai hali ya sa a yi masa durowoyi masu taya. Marar hali ya yi amfani da kwandunan roba masu murfi, ko akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, wanda dama zai yi amfani in yaron ya tafi sakandare. Inda yara biyu ne jinsi ɗaya, gado mai hawa biyu ya fi. Inda yaro ɗaya ne, ana iya yin na sama kawai, a sa teburin karatu da kanta a ƙarƙashinsa.

5.4 Bango

Kanta mai tsayi marar zurfi ta fi sif mai faɗi. Sif mai ƙafa 4 a 2 yana cin murabba'in ƙafa 8, buɗe ƙofofinsa kuma yana bukatar kusan wani takwas ɗin. Littafi kuwa zurfin inci 10 ya ishe shi. Fallen filawud guda, mai ƙafa 4 a 8 da kaurin inci ¾, in aka tsaga shi a tsaye zai ba da sala huɗu masu faɗin inci 10. Biyu su zama gefe da gefe, masu tsayin ƙafa 6, biyu kuma a yanka su shida, kowanne ƙafa 2½. An sami kanta mai hawa biyar, tsakanin hawa da hawa inci 13 da ɗoriya, wadda ba ta ci ko murabba'in ƙafa 3 na daɓe ba. Kada faɗin hawa ya wuce ƙafa 3, domin nauyin litattafai zai lanƙwasa shi. Maimakon ƙofa, a sa labule.

A wajen jera kaya a bi tsayin yaro. Daga ƙasa zuwa ƙugunsa na kaya masu nauyi ne da takalma. Daga ƙugu zuwa inda hannunsa ya kai na kayan kullum ne. Abin da ya wuce nan na kayan sanyi ne da bargo da kayan Sallah. Alƙur'ani da litattafan Islamiyya a ba su hawa na sama a cikin waɗanda hannunsa yake kaiwa, yadda ba za a ɗora komai a kansu ba.

Maratayi na zamani shi ne falanki guda mai tsawon ƙafa 3 da aka jera wa ƙugiyoyi biyar ko shida. Ƙusa biyu ce kawai za ta shiga bango maimakon shida, ranar tashi a cire a toshe ramukan. Sama da ƙofa da sama da taga kuma akwai kusan ƙafa 2 da ba a amfani da su. Kanta ɗaya a nan za ta ɗauki jakunkunan Gana-mas-go biyu ko uku.

5.5 Bayan Ƙofa da Kusurwa

Bayan ƙofa wuri ne da ba a biya masa haya. Tela zai iya ɗinka zane mai kauri da aljihuna goma sha biyu, a rataye shi da ƙugiyar da ake saƙalawa a saman ƙofa ba tare da ƙusa ba. Wannan zabira ce aka faɗaɗa. Safa da hula da mataji da burushi duk za su shiga. A kusurwa kuma a rataye raga a zuba ƙwallo da kayan wasa, ga ragaya ta dawo ke nan. Bokitin fenti da aka wanke, aka ɗora wa murfinsa matashi, ya zama kujera, ya kuma zama ma'ajin kayan wanki.

5.6 Inda Za a Samu

Mazauna Abuja sun san kasuwar katako da kayan gini ta Dei-Dei, da kasuwar kayan ɗaki ta Kugbo a hanyar Nyanya. Kwandunan roba da ƙugiyoyi suna nan a kasuwannin Wuse da Utako da Garki, kayan hannu kuma a panteka. Shawarata ita ce a je wa kafinta ko mai walda da awo a rubuce, a kuma ce masa a ɗaure da noti, kada a buga da ƙusa da gam, domin a iya kwancewa. Gadon da ba ya fita ta ƙofa ya zama na mai gida.

6.0 Misali Daga Kubwa

Gani ya kori ji. A wani dogon hutu na zauna a gidan yayata a Kubwa, inda take da ɗaki biyu da falo. Ɗanta na fari yana da shekara 11, ƙanensa 7, suna kwana a katifa ɗaya mai ƙafa 6 a 6 a ƙasa, a ɗaki mai ƙafa 9 a 10. Katifar kaɗai ta ci 36 daga cikin 90. Sauran wurin kwallayenta biyu ne na aure, da jakunkuna huɗu, da tsohon keken ɗinki. Babban ya ɓatar da littafin lissafi sau biyu a zango ɗaya, mahaifinsa ya rantse ba zai sayi na uku ba.

Da na kawo maganar gyara, sai ta ce, "Kai dai yi abin da za ka yi, amma kada ka taɓa mini kwallaye. Yaron nan kuwa ko gidan sarki ka ba shi sai ya hargitsa." Ba ta faɗin sunansa, kasancewarsa ɗan fari.

Na ce, "Yaya, ba za a fitar da su ba, hawa kawai za su yi."

Muka sayar da katifar, muka sa mai walda ya yi gado mai hawa biyu na ƙafa 6 a 3. Nan take murabba'in ƙafa 18 suka dawo. Aka yi kanta irin wadda na bayyana, da wata mai ƙarfi a kan ƙafafun ƙarfe wadda kwallayen suka hau, keken ɗinki ya shige ƙarƙashinta ya zama teburin karatu. Jakunkuna huɗu suka koma biyu bayan tacewa. Da aka gama sai yaron ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, wanne ne nawa ni kaɗai?" Na ba shi akwati ɗaya na ƙarƙashin gado, na sa masa ɗan kwaɗo, makulli ɗaya a hannunsa, ɗaya a wurin mahaifiyarsa. Har na koma makaranta ban ji an nemi littafi da safe ba. Tambayar tasa ce ta nuna mini cewa ba wuri kaɗai yake nema ba, so yake a yarda ya isa a ba shi amana.

7.0 Abubuwan da Za a Kiyaye

Rigakafi ya fi magani. Duk abin da ya yi tsayi yana iya faɗowa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan wasu sun rikito a kan ƙananan yara sun kashe su, a ƙarshen 2022 kuma ƙasar ta kafa doka a kan ƙarfin tsayuwar irin waɗannan kaya. Don haka a ɗaure saman kowace doguwar kanta da bango, kaya masu nauyi kuma su zauna a ƙasa. Wannan rami ɗaya ya cancanci a nemi izinin mai gida a kansa. A tuna bulon Abuja mai rami ne a ciki, ƙusa ba ta kama shi sosai sai an sa mata toshiyar roba. Kada kuma a huda bango a saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, domin nan waya take bi.

Game da gado mai hawa biyu, ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce kada yaron da bai kai shekara 6 ba ya kwana a sama, shingen gefe ya ɗara katifa da aƙalla inci 5, kuma kada tazarar da ke jikin shingen ta wuce inci 3½. Mu a nan muna da ƙarin haɗari, wato fankar sama. In gadon zai zo kusa da ita, a cire ta a sa ta bango. A kuma bar wurin ɗaura gidan sauro, sama da ƙasa.

Damina a Abuja tana kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ta Kano da Katsina tsawo da laima. Kayan da aka manna da bango ko aka rufe a ƙarƙashin gado suna yin fumfuna. A bar tazarar yatsu biyu tsakanin kanta da bango, a ɗaga ƙafafunta daga daɓe, kada kuma a tare taga. Katakon da kafintoci suke kira MDF, wato garin katako da aka matse, yana kumbura in ya sha ruwa, don haka bai dace da ƙasa ba. Kwali kuwa gidan kyankyaso ne da gara. Da hunturu ya shigo matsalar takan koma ƙura, shi ya sa murfi da labule suke da amfani.

Sai kafur da muke zubawa a cikin kaya. Yawancin farin ƙwallon da ake sayarwa da wannan suna sinadarin naftalin ne, wanda Tarayyar Turai ta hana sayar da shi domin wannan amfani tun 2008. Yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu wata larurar gado da likitoci suke kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza, ƙananan yara kuma sukan ɗauka alawa ce. Shanya kaya a rana da sa busasshen ganyen darbejiya ko kanumfari ya fi aminci a ɗakin yara. Daga ƙarshe, fitilar caji da batura a ba su buɗaɗɗen wuri a kan kanta, kada a riƙa yi musu caji a kan katifa ko a cikin tufafi.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa ƙuncin ɗakunan Abuja yana da tarihi, kuma ba abu ne da magidanci ɗaya zai iya kawarwa ba. Abin da yake hannunsa shi ne yadda zai yi amfani da ɗan abin da ya samu. Mun ga cewa bango ya fi daɓe yawa, cewa rage faɗin gado da ɗaga shi yana dawo da wuri, cewa kuma ragaya da maratayi da zabira da adudu ba su mutu ba, kama kawai suka sauya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kowa ya auna nasa, ya ɗauki abin da ya dace da shi da aljihunsa.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da mu riƙa tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin kakanninmu tun suna raye, mu kuma riƙa kiran sababbin kaya da su a inda suka dace. Ga iyaye kuwa, in an gama gyara a bar wa yaro ɗawainiyar wurinsa. A ranar Asabar a leƙa a gani, a yaba in ya gyara, a nuna masa in ya ɓata, amma kada a gyara masa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma yalwata mana muhalli.